Jikin Almasihu Da Annobar Kartaj

 In Littafi Mai Tsarki yana kusa, sai a ba ɗaya daga cikin yara ya buɗe Yohanna 1:1-14 ya karanta wa gida, wani kuma ya karanta 1 Yohanna 3:16-18. Wuri na fari yana koya mana cewa Ɗan Allah, wanda yake tun kafin a halicci kome, ya ɗauki jiki irin namu, ya yi zama a tsakiyar mutane. Wuri na biyu yana koya mana cewa a gicciye ne muka ga ainihin ƙauna, kuma wanda ya karɓi wannan ƙauna ba shi da izinin rufe hannunsa ga ɗan'uwa mai bukata.

Yawancinmu mukan karanta na farkon a lokacin Kirsimati, da shinkafa da sabon ɗinki, na biyun kuma mu ajiye shi sai makon Ista. Amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Za mu ga haka a tarihin wata ikilisiya ta nan Afirka, a birnin Kartaj, daga wajen shekara ta 200 zuwa 258.

Kartaj yana bakin Bahar Rum, kufansa yana gefen birnin Tunis na ƙasar Tunisiya. A wancan zamani Romawa ne ke mulkinsa, kuma in ka cire Roma kanta, da wuya a sami birnin da ya fi shi girma a yammacin daular. Daga tasharsa jirage suke kwasar alkama da man zaitun zuwa Roma. Labari na farko da muke da shi a rubuce game da masu bi na wannan yanki labarin kisa ne. Ranar 17 ga Yuli, shekara ta 180, aka yanke wa Kirista 12 hukuncin kisa a Kartaj, maza 7 da mata 5. Da mai shari'a ya tambayi abin da ke cikin akwatinsu, sai aka ce masa littattafai ne da wasiƙun Bulus.

Gardamar da ta shafi maganarmu daga nesa ta taso. Akwai wani attajiri mai jiragen ruwa, sunansa Markiyon, mutumin Sinofe a cikin Turkiyya ta yau. Ya zo Roma wajen shekara ta 140, ya ba ikilisiya kyautar sestarti 200,000, wato kuɗin Romawa na lokacin. Da dattawa suka gane irin koyarwarsa, sai suka fitar da shi daga zumunci a shekara ta 144, suka kuma mayar masa da kuɗinsa. Duk ma'ajin ikilisiya da ke saurare ya san nauyin wannan shawara.

Me Markiyon ya koyar? Ya ce Allahn da ya halicci duniya daban yake da Uban Yesu. Jikin mutum, a ganinsa, aikin wancan mai halittar ne, abin ƙyama, don haka ba yadda za a yi Yesu ya ɗauke shi. Kamannin jiki kawai mutane suka gani. Ba a haife shi ba, haka ya sauko da girmansa a Kafarnahum a shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas. Markiyon ya ɗauki Bisharar Luka ya yanke farkonta: ba Maryamu, ba komin dabbobi, ba makiyaya. Ba shi ne ya fara irin wannan tunani ba, gama tun a 1 Yohanna 4:2-3 manzo ya riga ya ja kunne a kan masu musun cewa Yesu ya zo cikin jiki. Amma Markiyon ne ya kafa majami'u a kai, suka bazu a ƙasashe da yawa.

Kada mu yi saurin zaginsa. Mutumin nan ya cika bakinsa da maganar alherin Allah, a cikin mabiyansa ma akwai waɗanda aka kashe saboda sunan Almasihu. A zatonsa girmama Allah yake yi. Kunya ce ta kama shi: yaya za a ce Maɗaukaki ya kwana wata tara a cikin mace? Ko a cikinmu, mutane da yawa sun fi jin daɗin Yesu na hoton kalanda, mai farar riga wadda ƙura ba ta taɓa ba.

Wanda ya tashi ya ba shi amsa mafi zafi ɗan Kartaj ne, Tartuliyan. An haife shi wajen shekara ta 160 a gidan da ba na masu bi ba, ya yi karatu mai zurfi, harshensa kuwa kamar aska. Ya rubuta littattafai 5 a kan Markiyon, da wani ƙarami dabam a kan jikin Almasihu. A cikin ƙaramin nan bai yi kara ba. Ya shiga ɗakin haihuwa da mai karatu, ya lissafa duk abin da ungozoma ta sani: nauyin ciki, naƙuda, jini, jariri da ake wankewa a naɗe da tsumma. Sa'an nan ya juyo ga Markiyon ya ce, to, kai ta ina ka fito? Wannan mutum da kake ƙyama, shi ne Almasihu ya ƙaunata. In kuwa ya ƙaunaci mutum, to ya ƙaunaci haihuwarsa da namansa, domin ba a ƙaunar mutum a ware abin da ya sa ya zama mutum.

Ya kuma bi maganar har ƙarshenta. In jikin Yesu inuwa ce, yunwarsa wasa ce, hawayensa a kabarin Li'azaru wasa ne, ƙusoshi ba su huda kome ba. In bai mutu da gaske ba, bai tashi da gaske ba, bangaskiyarmu kuwa ta zama ginin toka. A nan nake ganin Tartuliyan ya taɓa jijiyar maganar. Allahn Markiyon yana da kirki, amma kirkinsa bai ci masa kome ba. Kamar ɗan'uwa ne da ya ji kana kwance, ya aiko gaisuwa daga birni, bai taka ƙofarka ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kafin Allah ya yi zumunta da mu irin wannan, sai da ya sami ƙafa, ƙafar da take gajiya, wadda kuma ƙusa take iya hudawa. Hadaya tana bukatar jiki, haka Ibraniyawa 10:5-10 ta nuna.

Masu bi na Kartaj ba a takarda kaɗai suka ji wannan ba. A watan Maris na shekara ta 203, a zamanin Tartuliyan, aka jefa wasu Kirista ga namun jeji a filin wasan birnin. A cikinsu akwai mata biyu: Farfetuwa, 'yar babban gida mai shekara wajen 22, da goyo a hannu, da Filisita, baiwa, mai ciki wata 8. Dokar Romawa ta hana kashe mai ciki, sai Filisita ta damu kada a bar ta a baya. Kwana kaɗan kafin ranar, naƙuda ta kama ta a kurkuku. Da wani mai gadi ya ji nishinta, ya yi mata ba'a, wai in wannan ya sa ta kuka, yaya za ta yi a gaban namun jeji? Ta amsa masa cewa wahalar yau tata ce ita kaɗai, amma a ranar nan akwai wanda zai sha wahalar a cikinta, tun da saboda shi take sha. Ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa cikin bangaskiya ta ɗauka ta rena. Almasihun da ba shi da jiki ba zai yi wa Filisita amfanin kome ba a daren nan.

Bayan shekara 40 da wani abu, wani sanannen mutum ya tuba a Kartaj. Sunansa Sifiriyan, sunan da har yanzu ake raɗa wa yara a wasu gidajen Kirista a Najeriya. Malamin iya magana ne, mai dukiya. An yi masa baftisma wajen shekara ta 246, ya sayar da kadarorinsa da yawa, har da lambunansa, ya raba wa matalauta. An ce kullum sai ya karanta Tartuliyan, yana kiransa malaminsa. Bai fi shekara biyu ko uku da tuba ba jama'a suka matsa aka naɗa shi bishop, wasu dattawa kuwa ba su ji daɗi ba, suna ganin sabon shiga ne.

Ba a daɗe ba aka gwada shi. A farkon shekara ta 250 umarnin Kaisar Desiyus ya fara aiki: kowa a daular ya miƙa hadaya ga alloli a gaban hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a ƙasar Masar. A Kartaj abin kunya ya faru. Sifiriyan da kansa ya rubuta cewa masu bi da yawa ba su jira a kama su ba, da ƙafarsu suka tafi, har dare ya yi ma'aikata suna ce wa sauran su dawo gobe. Wasu kuma suka ba da toshiya aka rubuta musu takarda ba tare da sun yi hadaya ba. Taron gari suna ihu a jefa wa zaki bishop. Sifiriyan kuwa ya fita daga birni ya ɓuya, fiye da shekara guda.

A Roma, bishop Fabiyan ya mutu a hannun hukuma a watan Janairu na shekarar. Dattawan Roma suka rubuto wa Kartaj wasiƙa, suka yi habaici da Yohanna 10:11-13, inda aka bambanta makiyayi na gaske da ɗan ƙodago mai gudu in ya hangi kyarkeci. Sifiriyan ya kāre kansa. Ya ce zamansa a gari zai ƙara jawo wa garken wuta, kuma daga maɓoyarsa bai daina aiko da wasiƙu da kuɗin aljihunsa domin gwauraye da fursunoni ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, Matiyu 10:23 ma ta ba da izinin gudu daga tsanani. Duk da haka tabon bai goge ba. Ya dawo a shekara ta 251 ya tarar da ikilisiya a tsage, ana faɗa a kan ko za a karɓi waɗanda suka fāɗi.

Ana cikin wannan sai annoba ta iso, wajen shekara ta 252. Ta yi fiye da shekara 10 tana zagaya daular. Sifiriyan ya bayyana alamunta dalla dalla, shi ya sa masana tarihi suke kiranta da sunansa: gudawa mai tsiyaye ƙarfin mutum, amai ba tsayawa, gyambo a maƙogwaro, idanu jajaye kamar garwashi. Wasu ƙafa ko hannu ya ruɓe sai an yanke, wasu suka kurmance, wasu suka makance. Wani dikin mai suna Fontiyus, wanda ya rubuta tarihin Sifiriyan, ya ce ciwon yana bin gida gida. Kowa ya tsorata. Mutane suna fitar da nasu waje tun da sauran numfashi, kamar in sun jefar da majinyaci sun jefar da mutuwa. Gawawwaki suna zube a tituna ba mai binnewa, wasu kuma hankalinsu yana kan kayan mamatan. Ga shi kuma ana cewa laifin Kirista ne, wai sun ƙi yi wa alloli sujada, shi ya sa fari da yaƙi da ciwo suka sauko.

Wannan karo Sifiriyan bai bar gari ba. Ya tara jama'arsa ya yi musu wa'azi a kan jinƙai. Ya ce in mun lura da namu kaɗai, ba mu yi abin mamaki ba, ko mai karɓar haraji yana yin haka. Ya kai su Matiyu 5:43-48, inda Ubangiji ya nuna cewa Uba ba ya tambayar halin mutum kafin ya ba shi rana da ruwan sama. Wanda ya ce shi ɗan Allah ne, sai ya yi kama da Ubansa. Ka tuna ko su wane ne waɗannan maƙwabta. Su ne shekara biyu da suka wuce suke nuna gidajen masu bi, su ne suka yi ihun zaki. A cikin masu sauraron wa'azin akwai waɗanda tabon azaba yake jikinsu, akwai matan da aka mayar gwauraye. Su aka ce su je su ɗauke kashi da aman waɗanda suka tsananta musu.

Suka kuwa tafi. Fontiyus ya ce an raba aiki bisa ga halin kowa. Masu hali suka kawo kuɗi, matalauta suka kawo ƙarfinsu, ya kuma ce nasu ya fi tsada. Ba su da maganin ciwon. Abin da suke da shi ruwa ne, da abinci, da wanka, da kabari. Amma kada ka rena wannan. Wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa ya san rashin ruwa a jiki ne yake saurin kashewa, kuma wanda aka zauna kusa da shi ana ba shi ruwa kaɗan kaɗan yakan tashi, inda wanda aka yasar a titi ba zai kwana ba. A yau mun san yadda ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa, saboda haka wanke hannu da sabulu da bin umarnin ma'aikatan lafiya ba rashin bangaskiya ba ne. Su ba su da wannan sani. Abin da suka sani shi ne, wanda ya taɓa majinyaci yakan bi shi.

Haka ya faru a Iskandariya ta Masar ma. Bishop Diyonisiyus ya rubuta cewa 'yan'uwa da yawa, dattawa da dikinoni da sauran masu bi, sun yi jinyar wasu har suka warke, su kuwa suka kwashi ciwon suka mutu. Su ne masu rufe idon mamaci, su yi masa wanka, su ɗauke shi a kafaɗa, bayan 'yan kwanaki a yi musu haka su ma. A ganinsa irin wannan mutuwa ba ta gaza ta masu shahada ba.

Sai wata tambaya ta taso a cikin ikilisiyar Kartaj, irin wadda har yanzu ake yi a gidan makoki. In mu 'ya'yan Allah ne, me ya sa ciwon yake kashe mu daidai da marasa bi? Sifiriyan ya rubuta ɗan littafi a kan mutuwa don ya amsa. Bai yi musu alkawarin cewa ciwo zai tsallake ƙofarsu ba. Ya ce muddin muna cikin wannan jiki, tarayya muke da dukan 'yan Adam. In ruwa ya ƙi sauka, yunwa ba ta tambayar addini. In jirgi ya fashe, kowa yana nitsewa. Ciwon ido da zazzaɓi na kowa ne. Ya ce annoba gwaji ce, tana tona ko masu lafiya za su lura da marasa lafiya, ko dangi suna ƙaunar danginsu, ko iyayengiji za su ji tausayin bayinsu, ko masu magani za su tsaya wa masu roƙonsu.

Ka ga inda koyarwar malaminsa ta kai shi. Ibraniyawa 2:14-18 ta ce Yesu ya yi tarayya da mu cikin nama da jini, shi ya sa yake iya taimakon masu shan gwaji. In Ubangiji bai nemi a ware shi daga wahalar jiki ba, bawansa ba shi da hujjar nema. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, gama akwai wa'azin da ake yi a zamaninmu mai cewa mai bi na gaske ba ya ciwo, ba ya talauci, wanda ya kwanta kuwa bangaskiyarsa ce ta kāsa. Mai irin wannan wa'azi yana iya rera waƙar Kirsimati da ƙarfi, amma ya fi kusa da Markiyon fiye da yadda yake zato. Kuma yakan bar majinyaci da kaya biyu, ciwo da kunya.

A cikin shekarun nan ne kuma, wajen 253, mahara suka faɗa wa garuruwan Numidiya, a gabashin Aljeriya ta yau, suka kwashe Kirista maza da mata. Bishop 8 na yankin suka rubuto wa Kartaj suna neman taimako. Ikilisiyar da ta fito daga tsanani, tana kuma binne 'ya'yanta, ta tara sestarti 100,000 ta aika. Rabin abin da Roma ta mayar wa Markiyon ke nan, amma wannan daga hannun mutane da yawa ya fito, Sifiriyan ya haɗa da sunayensu domin a riƙa tunawa da su cikin addu'a. Hujjar da ya bayar ita ce, Almasihu ne da kansa yake cikin waɗannan kamammu, kamar yadda Matiyu 25:35-40 ta koyar. Shi da ya fanshe mu da jininsa, yanzu mu za mu fanshe shi da kuɗinmu. A Hausa kalma ɗaya ce, fansa, muke amfani da ita ga aikin gicciye da kuma kuɗin da ake biya a sako wanda aka sace. Iyalan da suka taɓa sayar da gona ko shanu don su karɓo ɗansu sun san nauyin kalmar fiye da mai wa'azi. Ya kuma ce musu, in abin ya sāke faruwa, kada su ji nauyin sāke rubutowa.

Sauran tabon gudu. A shekara ta 257 Kaisar Baleriyan ya tayar da sabon tsanani, ya nufi shugabannin ikilisiya. Ranar 30 ga Agusta aka gurfanar da Sifiriyan, aka kore shi zuwa wani gari a bakin teku mai suna Kurubis. Bayan shekara guda aka dawo da shi Kartaj, ya zauna a lambunansa na dā, waɗanda suka sāke dawowa hannunsa. Nan labari ya same shi cewa an kashe Sistus, bishop na Roma, ranar 6 ga Agusta 258. Manyan mutane, abokansa tun na dā, suka zo suka roƙe shi ya gudu, har suka nuna masa wuraren ɓuya. Ya ƙi. Sau ɗaya kawai ya kauce na 'yan kwanaki, lokacin da gwamna yake birnin Utika ya aiko a kai shi can. Ya rubuta wa jama'arsa dalili: ya kamata bishop ya shaida Ubangijinsa a garin da yake kiwo, a gaban garkensa. Da gwamna ya komo Kartaj, shi ma ya koma gida ya jira.

Ranar 13 ga Satumba aka zo aka tafi da shi. Ya kwana a gidan wani hafsa, masu bi kuwa suka kwana a ƙofar gidan. Saƙon da ya aiko musu daga ciki shi ne a lura da 'yan matan da ke cikin taron. Kashegari, 14 ga Satumba 258, gwamna Galeriyus Maksimus ya umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi. Aka karanta hukuncin takobi, ya yi godiya ga Allah. Taron masu bi suka ɗaga murya suna cewa a sare su tare da shi.

Aka kai shi wani fili, jama'a suna biye. Ya tuɓe mayafinsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya miƙa wa dikinoni babbar rigarsa. Da haunin ya iso, Sifiriyan ya ce wa abokansa su ba shi tsabar zinariya 25. 'Yan'uwa suka shimfiɗa ƙyallaye a gabansa domin su tare jinin. Shi da kansa ya ɗaure idanunsa, wani dattijo da wani mataimakin dikin suka taya shi ɗaure hannu. Da dare ya yi, masu bi suka ɗauki jikinsa da kyandir da jiniya, suka bi ta titunan Kartaj da addu'a, suka kai shi makabarta.